Amsoshin Tambayoyinku: Naɗar Shirin Talabijin a Faifai da Cire Talla a Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Jidda, kuma daga tsakiyar Sha'aban har daren Sallah ba na barin shago sai gab da sahur. Akwai shirye-shirye biyu da iyalina ke bi a watan azumi, ɗaya na tarihin Musulunci mai kashi 30, ɗayan na tambaya da amsa a kan addini, dukansu a tashoshin da dish ke kamawa kyauta. Damuwata ita ce talla. Shirin da bai wuce minti 40 ba sai ya ci sa'a guda, kuma akwai tallace-tallacen da ba na son yarana su gani, balle a gaban kakarsu. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, tana da talabijin da na'urar DVD a ɗakinta, kuma da ita kaɗai ta saba, ba ta yarda da kallo a waya ko ta filashi ba. Wani abokina ya ce in je haraj, kasuwar kayan hannu, in sayi na'urar da ke naɗa kai-tsaye a faifai. Ina da risiba mai ramin USB da wata tsohuwar kwamfuta. Shin in sayi na'urar, ko akwai wata hanya? Kuma yaya ake cire talla ba tare da hoton ya lalace ba?

Wani tela, Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri a kan wannan kulawa. Shawarata ita ce ka bar kuɗinka a aljihu, domin risibar da kwamfutar da ke gidanka sun fi waccan na'urar dacewa da aikin da kake so.

Na'urar da abokinka yake nufi ta yi tashe ne a shekarun 2000, lokacin da kamfanoni irin su Panasonic da Pioneer da Sony suka fito da ita don ta gaji bidiyon kaset. Tana aiki, amma tana da illa ga mai buƙata irin taka. Faifan DVD-R sau ɗaya ake rubutu a kansa, abin da ya hau ya hau ke nan, ko da ka umarci na'urar ta goge wani yanki, wurin da ya cinye ba zai dawo ba. Bayan haka, yawancinsu ta wayar nan mai kawuna uku, rawaya da fari da ja, suke karɓar hoto, wato risiba ta warware hoton, na'urar ta sake matse shi, kuma duk matsar da aka yi sai wani abu na kyansa ya salwanta. Masu rumbun ajiya (hard disk) a ciki sun fi dama-dama, tunda ana iya yanke talla kafin a tura wa faifai, to amma duk wadda za ka samu a haraj ta kwana biyu, idon da ke rubutu a faifai shi ne abin da ke fara gajiya a jikinta, ga shi kayan gyaransa sun yi wuya.

Risibarka kuwa, muddin akwai jan maɓallin naɗa a rimot ɗinta, ba ta taɓa hoton ko kaɗan. Abin da ya sauko daga tauraron ɗan'adam, ko Arabsat da ke digiri 26 gabas ko Nilesat da ke digiri 7 yamma, shi take kwashewa yadda yake ta zuba a ma'ajiya, galibi a fayil mai ƙarewa da haruffan ts, don haka abin da ka naɗa daidai yake da abin da aka watsa. Shi ya sa nake son faifai ya zama matakin ƙarshe a wurinka: a naɗa a ma'ajiya, a gyara a kwamfuta, sai an gamsu sannan a buga.

Na fi son rumbun ajiya na waje a kan filashi, saboda filashi mai araha yakan gaza bin saurin rubutun, sai ka tarar hoton yana tsalle. Lissafin wurin da za ka buƙata ba shi da wuya. Duk megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a sa'a, saboda haka tashar da ke watsa hoto na gama-gari a kan megabit 3 za ta ci kusan gigabait 1.4 a sa'a, tashar HD mai megabit 8 kuma ta ci gigabait 3.6. Ko da shirye-shiryen nan biyu duka HD ne, sa'a 60 ba za ta kai gigabait 220 ba, rumbu mai gigabait 500 ya wadatar da kai. Ka bar risiba ta tsara rumbun da kanta, amma ka sani tsarawa tana share duk abin da ke ciki, sai a fara kwashe hotunan iyali idan akwai. Idan ta tsara shi a tsarin FAT32, fayil ɗaya ba zai wuce gigabait 4 ba, kuma wasu risibobin ma tun kafin a kai haka suke raba shiri gida biyu ko uku masu lamba a jere. Wannan ba lalacewa ba ne, kada ka canza musu suna. In ka ji rumbun yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa, wutar da ramin USB ke ba shi ce ta yi kaɗan, sai a nemi mai wayar wuta tasa.

Tunda kana shago a lokacin da ake shirin, da agogon risiba za ka dogara, don haka ka fara tabbatar da cewa an saita ta a kan lokacin Saudiyya, wanda ke gaban GMT da sa'a 3. Tashoshi ba su cika farawa a kan minti ba, musamman a azumi, sai ka ƙara minti 5 kafin lokacin shirin da minti 10 bayansa, kamar yadda kake barin rara a gefen yadi: abin da ya yi yawa ana rage shi, wanda ya gaza kuwa ba shi da magani. Ka kuma ja kunnen yara a kan abu biyu, kada a kashe risiba daga soket, kuma kada a matsa mata da canza tasha tana cikin naɗa, domin yawancin risibobin gida mita ɗaya kawai suke iya kamawa a lokaci guda.

Sai yankan talla, wanda shi ne ainihin abin da ka tambaya, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Sukan buɗe shirin a manhajar haɗa bidiyo irin ta masu ɗaukar biki, su yanke, sannan manhajar ta shafe sa'o'i tana sake matse shirin gaba ɗaya, a ƙarshe hoton ya fito a dusashe. Babu buƙatar haka. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Avidemux da LosslessCut, waɗanda ke cire yankin da ba a so su kwafe sauran yadda yake, ba tare da sun taɓa ko ɗigo ɗaya na hoton ba, kuma tsohuwar kwamfuta ma takan gama adana shirin sa'a guda a cikin 'yan mintoci, tunda kwafa kawai take yi.

Sharaɗi ɗaya ne da wannan hanya, kuma wanda ya gane shi ya gane aikin duka. Bidiyon da ke zuwa mana hotuna 25 ne a kowace daƙiƙa, amma ba dukansu ne cikakku ba. Ana aiko da cikakken hoto guda, waɗanda ke biye da shi kuma ba su ɗauke da komai sai bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu: hannun malam ya ɗaga, leɓensa ya motsa, bangon da ke bayansa yana nan yadda yake, don haka ba a sake aiko da bangon. Bayan kamar rabin daƙiƙa a tashoshin gama-gari, ko fiye da haka a wasu tashoshin HD, sai wani cikakken hoton ya sake zuwa. Idan ka yanke ta yadda shirin zai ci gaba daga hoton da ba cikakke ba, ba shi da abin da zai jingina da shi, sai ka ga allo ya tarwatse da ƙananan murabba'ai kore da toka-toka na ɗan lokaci, wata na'urar ma ta tsaya cak. Saboda haka wurin da shirin zai dawo bayan talla, wajibi ne ya faɗa a kan cikakken hoto.

Ga yadda abin yake a Avidemux. Ka kwafe fayil ɗin daga rumbu zuwa kwamfuta ka buɗe shi. A karon farko zai ɗan jima yana karanta shi, idan kuma ya ga fayiloli masu lamba a jere zai tambaye ka ko ya haɗa su, sai ka amince. A gefen hagu, ka bar wurin hoto da wurin sauti a kan Copy. Ka ja sandar ƙasa har ka hango talla, sannan ka koma baya a hankali kana kallon kusurwar allo, domin a tashoshi da yawa tambarin tasha yakan ɓace ko ya canza da zarar an shiga talla, allo kuma ya yi baƙi na ƙiftawar ido. A nan za ka danna alamar A. Daga nan ka wuce zuwa ƙarshen tallar, ka yi amfani da kibiyar sama da ta ƙasa, waɗanda ke tsallakawa daga cikakken hoto zuwa cikakken hoto, har ka tsaya a kan na farko da shirin ya dawo, ka danna B, sannan ka goge tsakaninsu. Idan ka kuskure wurin, manhajar takan yi gargaɗi, kuma ina roƙonka ka saurari gargaɗin. Wani lokaci cikakken hoton yakan faɗo rabin daƙiƙa kafin tallar ta ƙare, ko rabin daƙiƙa bayan an fara magana. A shirin addini ni na fi son a bar wutsiyar talla da a yanke farkon jumlar malami, domin kalma ɗaya da ta faɗi tana iya juya hukunci. Ka adana da sabon suna mai lamba, 01 da 02 har zuwa 30, kuma kada ka goge na asali sai faifai ya fito an kalle shi. Tallar da ke fitowa a ƙasan allo ana tsakiyar shiri kuwa ba ta ciruwa, domin a jikin hoton take.

Da ka gama yanka, sai ka tuna cewa zuba fayil a faifai daban, yin faifan da na'urar Hajiya za ta karanta daban. Faifan bidiyo na ainihi yana da tsarinsa: hoto a matse da MPEG-2, girmansa 720 a 576 a tsarin PAL, a cikin jakar da ake kira VIDEO_TS. Manhajar DVDStyler, ita ma ta kyauta, tana yin wannan aiki. Ka zaɓi PAL, ka zaɓi faɗin allo 16:9 idan shirin mai faɗi ne don kada fuskoki su yi tsawo, ka jawo kashi-kashin ciki, ka yi musu shafin zaɓi mai manyan lambobi da idon dattijuwa zai gani daga kan gado. A wannan mataki ne kawai za a sake matse hoton idan ya zama dole, kuma idan tashar HD ce zai sauko zuwa girman DVD, babu makawa. Faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar sa'a 2 da hoto mai kyau, wato kashi 3 masu minti 40, shirin tarihin duka zai ci faifai 10 ke nan. Za a iya cusa sa'a 4 a faifai ɗaya, amma ban ba ka wannan shawara ba, domin a wuraren da hoto ke motsi da sauri, kamar dawakai a guje, sai ya dagule.

Kafin ka taɓa faifai, ka sa manhajar ta fitar da aikin a fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, ka buɗe shi a manhajar kallon bidiyo ta VLC ka duba kowane wurin da ka yanka. Gwajin farko ka yi shi a DVD-RW, wanda ake gogewa a sake, ka kai ɗakin Hajiya ka gani da idonka. Idan ya yi, sai ka koma DVD-R, wanda tsofaffin na'urori suka fi karɓa, ka buga a kan saurin 8 ko da an rubuta 16 a jikinsa, ka kuma bar manhajar ta sake karanta faifan ta tabbatar bayan ta gama. In kwamfutarka ba ta da wurin faifai, ana sayar da na waje mai haɗawa ta USB.

TAMBAYA

Ɗana ya naɗi wasan ƙwallo daga akwatin tashoshin da muke biyan kuɗi, da ya kai rumbun kwamfuta sai ya ƙi buɗewa. Ya kuma naɗa mini wani wa'azi daga tashar kyauta, wannan ya buɗe, amma bayan ya yanke talla sai magana ta riƙa riga baki. Shin kwamfutar ce ta lalace?

Wata uwa, Makka

AMSA

Hajiya, kwamfutarku lafiyarta ƙalau, matsalolin biyu kuma ba su haɗa hanya ba. Akwatunan tashoshin biyan kuɗi suna kulle abin da suka naɗa, ta yadda akwatin da ya naɗa ne kaɗai zai iya buɗewa, kuma da gangan aka yi haka don kare haƙƙin da kamfanin ya saya. Har wayar HDMI tana da nata makulli mai suna HDCP da ke hana a ɗauki hoton a hanya. Ku kalli wasan a kan akwatin, ku wuce talla da rimot. Idan wani ya ce wa yaron zai sayar masa da abin da ke karya makullin, ki hana shi, domin wannan ya fita daga gyaran gida ya shiga abin da doka ke hukunci a kai.

Maganar da ke riga baki kuwa, galibi daga dish take farowa. Idan sigina ta yi rauni na ɗan lokaci, saboda iska mai ƙura ko ruwan sama ko wayar da ta saki a kan rufi, sai wani yanki na hoto ko na sauti ya faɗi a hanya alhali ɗayan ya iso. Fayil ɗin asali yana ɗauke da alamun lokaci da ke riƙe su tare, shi ya sa ba a lura sai an yanka an adana a wani tsari. Ya fara duba ko tazarar iri ɗaya ce daga farkon wa'azin har ƙarshensa. Idan iri ɗaya ce, a Avidemux akwai wurin da aka rubuta Shift a ƙarƙashin sauti, inda 1000 ke nufin daƙiƙa guda. Ya gwada 200 ko 300, yana kallon leɓen malamin a kan harafin ba ko mim, har su daidaita. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi, sai ya koma kan na asali ya ratsa da shi ta manhajar HandBrake, wadda ke sake gina fayil ɗin tana bin alamun lokacin, sannan ya yanka. A kuma kira mai gyaran dish ya ɗaure wayar ya daidaita farantin.

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Madina. Na ji an ce akwai manhajar da ke gane talla da kanta ta cire, ba sai mutum ya zauna ba. Gaskiya ne? Sannan ina tunanin in tara shirye-shiryen addini da na tarihi, in cire musu talla, in buga a faifai da filashi in sayar wa alhazanmu lokacin aikin Hajji, don in samu na littattafai. Mene ne ra'ayinku?

Wani ɗalibi, Madina

AMSA

Malam, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Gaskiya ne akwai irin wannan manhaja, wadda aka fi sani ita ce Comskip. Tana bin shirin ne tana neman alamun da idon mutum ke nema, wato baƙin allo, da ɗan shirun da ke tsakanin shiri da talla, da ɓacewar tambarin tasha, da canjin faɗin hoto, sannan ta fitar da jerin lokutan da take zaton talla ce, wata manhajar ta yanke ko ta tsallake. Zato ne dai take yi. Tashar da ke barin tambarinta a lokacin talla takan ruɗe ta, haka ma shirin da ke da duhu da shiru a cikinsa, kamar malamin da ya dakata yana buɗe littafi, tana iya ɗaukar wurin a matsayin iyakar talla ta haɗa da karatun. Ga wanda ke naɗar shirye-shirye masu yawa kullum tana rage wahala, bayan ya ɓata lokaci ya saita ta a kan kowace tasha, amma ko shi sai ya duba kafin ya goge na asali. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: a 2001 manyan tashoshi da kamfanonin fim na Amurka sun kai masu na'urar naɗar shirye-shirye ta ReplayTV kotu, kuma tsallake talla da kanta yana cikin abin da suka yi ƙara a kai.

A kan sayarwa kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ban goyi baya ba. Mutane kan kawo hukuncin da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1984, a shari'ar kamfanonin fim da Sony a kan na'urar bidiyon kaset ta Betamax, cewa naɗar shiri a gida don a kalla daga baya bai saɓa doka ba. Wannan hukunci na Amurka ne, kuma ko a can bai halatta sayarwa ba. Dokar kare haƙƙin mawallafi da Saudiyya ta fitar a 1424, wato 2003, da ta zo kan kwafa don amfanin kai sai ta ware manhajojin kwamfuta da ayyukan sauti da na bidiyo daga wannan sassauci, ta kuma tanadi tara da ƙwace kaya da rufe shago, har da ɗauri. Wannan ya isa ya nuna wa duk mai naɗa a ƙasar nan, har da masu tambayoyin da suka gabata, cewa kada abin ya wuce kallon iyali a cikin ɗaki. Kai kuma baƙo ne mai zaman karatu, riyal nawa za ka samu da zai kai darajar iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, da shekarun da ka zuba a jami'a?

Ta fuskar addini, kai ne za ka ƙara mini bayani, amma ka san Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa mai mazauni a Jidda ta yanke, a zamanta na Kuwait a 1988, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Tallar da muke ƙorafi a kanta ita ce ke biyan mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti a tashar da muke kallo kyauta, don haka wanda ya cire ta ya sayar da shirin ya ci guminsu sau biyu. Hanya mai tsabta tana nan. Akwai malamai da cibiyoyin da ke bayyana cewa sun yarda a yaɗa karatunsu, wasu da sharaɗin kada a sayar, wasu ba sharaɗi. Ka rubuta musu ka nemi izini a rubuce. Abin da ya fi wannan ma, ka nemi yardar malaman da ke karantarwa da Hausa ka ɗauki darasinsu da kanka, domin shi alhazanmu suka fi buƙata, kuma ƙwarewar yankan da ka koya za ta yi maka amfani a can.

TAMBAYA

Ina da faya-fayan da aka buga mini shekarun baya, har da na walimar 'yata. Yanzu wasu suna tsayawa a tsakiya, ɗaya ma na'ura ta ce babu faifai. Ana iya ceto su?

Wani direba, Riyad

AMSA

Alhaji, ka hanzarta, domin irin wannan lalacewa ba ta tsayawa. Faifan da aka buga a gida ba kamar na kamfani ba ne. Wani siririn rini ne a cikinsa wanda hasken na'ura ke ƙonawa ya bar alama, shi ya sa idan ka juya shi a haske za ka ga inda rubutu ya tsaya ya fi sauran duhu. Zafi da hasken rana da laima suna cin wannan rini, kuma faifan da ya yi bazara guda a aljihun mota a Riyad ya sha abin da ya fi ƙarfinsa.

Ka fara da na walimar, tunda babu tashar da za ta sake watsa shi. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye, domin ƙarcen da ya bi layin rubutu ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Sannan ka sa shi a kwamfuta ka kwafe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya. Idan kwafar ta tsaya, ka gwada wata kwamfutar, domin wani idon yakan karanta abin da wani ya kasa, wanda ya ce babu faifai ma kada ka jefar da shi sai ka gwada shi a wurare biyu ko uku. Duk abin da ka ceto ka ajiye shi a rumbun ajiya, ka kuma buga sabon faifai, ka ba 'yarka kwafi guda ta ajiye a gidanta. Sababbin ka sa kowanne a kwalinsa, a tsaye, a cikin kabad ɗin ɗakin da ke samun sanyi, ka rubuta suna da alƙalami mai taushin baki maimakon manna takarda, wadda zafi ke ɗagawa ta sa faifai ya riƙa rawa a cikin na'ura.